Daga ina yunwa ke tasowa, me kuma ke kwantar da ita?

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan ji a zangunan Kumasi, daga Aboabo har Asawase, musamman idan azumi ya kawo jiki ko an shiga hirar ƙiba da rama.

Ciki ne ke jin yunwa ko ƙwaƙwalwa?

Ciki ke kai ƙara, ƙwaƙwalwa ke yanke hukunci. Idan tumbi ya daɗe wayam, yana sakin wani sinadari cikin jini mai suna girelin, wanda masu bincike a Japan suka gano a 1999. Jini ya kai shi wani ɗan wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa, haifotalamas, wanda shi ne kuma ke kula da ƙishirwa da zafin jiki. Daga nan ne mutum zai ji hankalinsa ya koma kan abinci, ƙamshin miyar maƙwabta ya fara damunsa. Ƙugin da ciki ke yi kuwa motsin tumbi da hanji ne suna share ragowar abinci, kuma yakan zagayo duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu idan babu komai a ciki.

Yaya jiki ke sanin an ƙoshi?

Ta hanyoyi da dama, kuma ba lokaci ɗaya suke isa ba. Tumbi yana buɗewa, wata doguwar jijiya da ta haɗa shi da ƙwaƙwalwa ta kai labari. Sannan idan abinci ya gangara hanji, hanjin ya saki nasa sinadaran, irin su CCK da PYY da GLP-1, masu cewa a dakata haka. Wannan saƙo na biyu yana ɗaukar lokaci, kusan minti 20. Dubi ɗan dako a kasuwar Kejetia da ya tsuguna gaban kwanon tuwon zafi, ido kan kwastoma, hannu na kai loma kan loma. Kafin hanji ya ce uffan ya suɗe kwano, ya ce a ƙaro. Sai ya miƙe ne zai ji cikin ya yi masa dam. Wanda ya ci a natse, yana taunawa yana hira, saƙon kan riske shi tun hannunsa na cikin kwano.

Me ya sa na sha koko da burodi da safe, ƙarfe goma yunwa ta dawo, amma ranar da na ci wake da shinkafa sai azahar?

Koko mai suga da farin burodi ba sa daɗewa a tumbi. Suga ya hau jini da sauri, insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ya sauke shi da sauri, sai jiki ya sake nema. Wake kuwa yana da furotin da harza, yana narkewa a hankali, kuma furotin ya fi sauran nau'o'in abinci ƙosarwa. Shi ya sa nake ganin iyayenmu da suka haɗa koko da ƙosai sun san abin da suke yi. Ƙwai, kifi, gyaɗa, wagashi, duk suna wannan aiki. Lemon kwalba kuwa ya shiga da sugansa ya wuce, tumbi bai ma san an yi ba.

A azumi, me ya sa kwanakin farko suka fi wuya?

Girelin yana bin sabo. Yakan tashi daidai lokutan da mutum ya saba cin abinci, ya ɗan jima, ya sauka ko da ba a ci komai ba. Shi ya sa yunwar azahar kan lafa kafin la'asar. Bayan 'yan kwanaki jiki ya koyi sabon tsari na sahur da buɗa baki.

Mai ƙiba yana da kitse a ajiye, don me yake jin yunwa?

Wannan tambayar ta fi sauran nauyi, domin da ita ake yi wa mutane gori. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya gano leftin, sinadarin da kitsen jiki ke fitarwa don ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. An ɗauka masu ƙiba ba su da shi ne. Ashe galibinsu suna da shi da yawa, ƙwaƙwalwar ce ta daina jin kiransa sosai. Kuma da zarar mutum ya fara ramewa, leftin ya ragu, girelin ya ƙaru, jiki ya ɗauka an shiga fari, ya matsa lamba a ci. Don haka 'yar'uwar da ta rage ƙiba ta sake komawa ba ragwanci ne ya kayar da ita ba, jikinta ne ke ja da ita. Alluran rage cin abinci irin su Ozempic suna kwaikwayon GLP-1 ne, sinadarin nan na hanji mai cewa an ƙoshi, don ciwon suga aka fara yin su, kuma sai da likita.

Barci ya shafi yunwa?

Ƙwarai. Ƙarancin barci yana ɗaga girelin, ya rage leftin, ya jawo kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Direban dare da mai gadi sun san wannan a jikinsu.

Magungunan sa cin abinci da 'yan mata ke saye don su yi jiki fa?

Wannan yana damuna matuƙa. Yawancin ruwan maganin nan suna ɗauke da sifuroheftadin, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne. Yana buɗe ciki, amma yana sa barci da jiri, kuma yana iya taɓa hanta. Wasu kuma deksametason suke sha, wanda ke kumbura fuska, ya hau da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Idan cin abinci ya ɗauke na makonni, ko mutum yana ci yana ramewa ga ƙishirwa da yawan fitsari, asibiti za a je a auna suga da jini, ko a asibitin unguwa ko a babban asibitin Komfo Anokye, kafin a sayi kwalbar komai a kemis.