Filin Wasa na Rod Laver

Filin Rod Laver babban filin wasanni ne a birnin Melbourne, hedikwatar jihar Victoria ta ƙasar Ostareliya, dab da kogin Yarra. Shi ne mafi girma a filayen Melbourne Park, inda ake gasar ƙwallon tanis ta Australian Open a farkon kowace shekara. Yana ɗaukar 'yan kallo kusan 15,000.

An buɗe shi a watan Janairun 1988. Kafin nan a unguwar Kooyong ake gasar, a kan ciyawa, wurin kuma ya yi wa jama'a kaɗan. Da aka dawo nan sai aka bar ciyawa aka koma daɓe mai tauri, kore da farko, shuɗi tun daga 2008. A shekarar 2000 aka raɗa masa sunan Rod Laver, ɗan ƙasar da ya haɗa manyan kofunan tanis huɗu cikin shekara guda har sau biyu, a 1962 da 1969.

Rufinsa ne ya fitar da shi daban. Rufi ne mai zamewa, ɓangare biyu, ana buɗe shi ana rufewa, kuma shi ne irinsa na farko a filayen manyan gasannin huɗu. Gasar Wimbledon ta Ingila ma, ɗaya daga cikin huɗun, sai a 2009 ta yi nata. Tun shekarar farko, 1988, rufin na Melbourne ya yi rana. Ana cikin wasan ƙarshe na mata tsakanin Steffi Graf da Chris Evert ruwa ya sauko, aka ja rufi aka ci gaba, Graf ta yi nasara. Ana rufe shi saboda zafi ma, don Janairu can tsakiyar bazara ne, zafin yakan haura digiri 40. Amma rufi ba ya tsare ƙasa: a 1995 an tafka ruwa, magudanai suka cika, ruwa ya ɓullo ya malale filin.

A nan ne Novak Djokovic ya ɗauki kofi sau goma, ciki har da na 2012 da ya kara da Rafael Nadal har awa 5 da minti 53.

Tanis ɗin kuwa 'yan makonni ne a shekara. Sauran watanni ana rufe daɓen a kafa dandamali, wurin ya zama zauren mawaƙa da 'yan barkwanci. A 2013 mawaƙiya Pink ta yi wasa 18 a cikinsa. An yi ƙwallon kwando a nan, an yi wasannin tsalle-tsalle na gasar Commonwealth ta 2006. Mafi ban mamaki shi ne 2007, lokacin gasar ninƙaya ta duniya, da aka harhaɗa tafki mai tsawon mita 50 a tsakiyar filin, aka cika shi da ruwa, aka kwance shi bayan an tashi.