Sigari a fim: abin da doka ta hana da abin da ta bari

Tun da Dokta Shaibu Husseini, shugaban Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, ya sanar da sabuwar ƙa'ida a Enugu cikin watan Mayu na 2024, maganar da ta bazu tsakanin masu shirya fim da gajerun bidiyo a Bauchi ita ce an haramta nuna shan sigari kwata-kwata. Ba haka ba ne, hukumar ma ta fito ta yi bayani. Abin da aka hana shi ne tallata taba da ƙawata shanta, a fim ne, ko bidiyon waƙa, ko barkwanci.

Tushen maganar ya girmi 2024. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta riga ta haramta tallar taba da ɗaukar nauyin shiri da sunanta, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Sabuwar ƙa'idar ta biyo tallar ne zuwa inda ta saba ɓuya, wato hannun jarumi. Ta haɗa da duk wani kayan nikotin, don haka sigarin lantarki bai tsira ba, shisha kuwa dama taba ce.

Idan labari na buƙatar sigari, don tarihi, ko ilmantarwa, ko nuna lalacewar mutum, ana iya nunawa, amma da sharaɗi: gargaɗin lafiya a farkon fim da ƙarshensa, wani gargaɗin a rubuce kan allo yayin da ake shan, kada sunan kamfani ko tambarinsa ya fito, sannan ba za a nuna wa 'yan ƙasa da 18 ba. Wannan na ƙarshe ne ya kamata furodusa ya zauna ya yi wa lissafi. Fim ɗin iyali da zai iya samun matakin 12, wato izinin kallo ga masu shekara 12 zuwa sama, sai ya rasa yara da gidajen da ake kallo tare saboda kara ɗaya.

Inda aka fi faɗawa matsala ba wurin jarumi ba ne, bayansa ne. An ɗauki fitowa a teburin mai shayi a Wunti ko gaban wani shago a kasuwar Muda Lawal, ga kwalayen sigari jere, sunansu raɗau, babu wanda ya lura sai an je gaban edita. A nan sai dai a dusashe hoton, aiki mai cin lokaci idan kyamara na motsi, ko a koma lokeshan. Da an kwashe kwalayen kafin ɗauka, minti biyu ya isa.

Ƙawatawa kuwa daga darakta take fitowa. Kyamara ta matso bakin mutum, hayaƙi na tashi a hankali, kiɗa na yi masa kirari, ga shi shi ne mai kuɗi da mota a labarin. Ko an kira shi mugu, yaron da ke kallo a waya a Yelwa ƙasaita ya gani. A nan ƙa'idar ta yi daidai.

Takardar hukumar tace fina-finai ta Kano ba ta maye gurbin ta tarayya, kuma fasta da tallar fim su ma a tsabtace su kafin a saki.