Dokokin hana fasa na'urorin da ke karɓar sulalla

Dokoki ne na manyan laifuka da ƙanana da wasu ƙasashe suka keɓe domin kare na'urorin da ake jefa wa sulalla su ba da kaya ko wata hidima: na sayar da lemo da taba, na wanki, wayar tarho ta bakin titi, da mitar ajiye mota. Sun fi yawa a jihohin Amurka.

Dalilin keɓe su shi ne tsofaffin dokoki ba su kama irin wannan ɓarna da kyau ba. Laifin fasa gida ya shafi gini ne, na'ura kuwa ba gini ba ce. Zamba tana buƙatar mutumin da aka yaudara. In kuma aka bi ta dokar sata, kuɗin cikin akwatin sau da yawa bai taka kara ya karya ba, alhali gyaran makulli da ƙofar da aka ɓalle ya fi shi tsada.

A Ingila, a shari'ar Hands ta 1887, wani mutum mai suna Hands ya jefa faifan tagulla maimakon kwabo a na'urar sayar da taba a garin Cheltenham, taba ta fito. Kotu ta ce sata ce. Jamus ta bi wata hanya: a 1935 ta ƙara sashe na 265a a kundin laifukanta, wanda ya hukunta cin moriyar na'ura ba tare da biya ba.

A jihar Texas, sashe na 30.03 na kundin laifukanta ya sa fasa irin wannan na'ura ko buɗe ta ba da yardar mai ita ba, da niyyar samun kaya ko hidima, cikin ƙananan laifuka mafiya nauyi: ɗauri har shekara 1, ko tara har dala 4,000, ko duka biyun. Niyya ake dubawa, ko da ɓarawon ya tarar da akwatin wayam. A jihar North Carolina, sashe na 14-56.1 na kundin dokokinta ya haɗa har da buɗewa da mabuɗin da ba a ba mutum izini ba, wato ba sai an ga alamar guduma ba. Karo na farko ƙaramin laifi ne, wanda ya sake kuma babban laifi ya hau kansa. Faifan ƙarfe da ake jefa wa na'ura a madadin sulalla kuwa dokar tarayya ta Amurka ce ta haramta su, a sashe na 491 na kundi na 18.