Ma'anar "ministan inuwa" a siyasar Birtaniya

Mai bin labaran Birtaniya yakan ji an ce wance ce "ministar inuwa" ta harkokin cikin gida. Ba minista ba ce. Ba ta da ma'aikata, ba ta sa hannu a takardar gwamnati, ba a kuma ƙara mata ko sisi a kan albashinta na 'yar majalisa saboda wannan muƙami. Shugaban babbar jam'iyyar adawa ne ke naɗa wa kowane minista kishiya daga cikin 'yan majalisarsa, wanda zai bi shi sau da ƙafa, ya titsiye shi da tambayoyi, ya kuma faɗa wa jama'a abin da zai yi da shi ne a kujerar. A zauren majalisar wakilai, benci biyu na gaba suna fuskantar juna, tebur ne kawai a tsakani: minista a wannan gefe, inuwarsa a wancan.

Rayuwar siyasar Yvette Cooper ta jam'iyyar Labour ta nuna yadda abin yake. Ta shiga majalisa a 1997, ta riƙe ma'aikatar ayyuka da fansho a gwamnatin Gordon Brown, sai jam'iyyarta ta faɗi zaɓe a 2010. Daga 2011 zuwa 2015 ita ce inuwar Theresa May, ministar cikin gida ta lokacin, suna ta fafatawa kan 'yan sanda da shige da fice. Ta nemi shugabancin jam'iyya a 2015, Jeremy Corbyn ya kayar da ita. A 2021 shugaban Labour na lokacin, Keir Starmer, ya dawo da ita kan muƙamin ministar inuwa ta cikin gida, inda ta yi ta sukar shirin gwamnatin Conservative na kai masu neman mafaka Ruwanda.

Aka yi zaɓe ranar 4 ga Yulin 2024, Labour ta yi nasara. Washegari Cooper ta zama ministar cikin gida ta gaske, sabuwar gwamnati ta soke shirin na Ruwanda, matsalar masu tsallako teku a ƙananan jiragen ruwa kuma ta koma wuyanta. A ganina nan ne tsarin ya fi amfani, domin duk sukar da ta yi a shekarun adawa tana nan a rubuce, kuma da ita 'yan jarida da abokan hamayya suka riƙa auna ta. A Satumban 2025 aka mayar da ita ma'aikatar harkokin waje.

Tsarin ya dace ne da ƙasar da ministoci ke zaune a cikin majalisa. Najeriya ta taɓa ɗanɗana shi a Jamhuriya ta Farko, lokacin da Obafemi Awolowo ke jagorantar adawa. Yanzu da muke kan tsarin shugaban ƙasa, da Farfesa Pat Utomi ya sanar da kafa gwamnatin inuwa a 2025, hukumar DSS kotu ta kai shi.