Maketin: kalmar da aka mayar talla ƙarfi da yaji

Kwanakin nan da wuya ka kunna rediyo ko ka buɗe waya ba ka ci karo da kalmar maketin ba. Wannan yana koyar da dijital maketin cikin kwana uku, wancan ya rubuta a ƙarƙashin sunansa cewa shi ƙwararre ne a maketin, ɗan siyasa kuma ya riƙe lasifika yana alkawarin koya wa matasa maketin don su dogara da kansu. Abin da ya tunzura ni na yi wannan rubutu shi ne wani shiri da na saurara, inda mai gabatarwa ya tambayi baƙonsa ma'anar kalmar, baƙon ya amsa nan take cewa ai talla ne, tallan zamani. Mai gabatarwa ya gamsu, aka wuce gaba. Ni kuwa raina ya ɓaci, domin na san akwai masu ƙaramin jari da suka ji wannan amsa, kuma da ita za su yi aiki.

Talla yana cikin maketin, wannan ba gardama. Amma yanki ne kawai, kuma shi ne yankin da ke zuwa daga baya. A 1960 wani malamin jami'a a Amurka, Jerome McCarthy, ya kasa aikin gida huɗu, kuma har yau da rabonsa ake koyarwa: kayan da za a sayar, farashinsa, hanyar da zai bi ya isa hannun mai saye, sannan yayata shi. Ko a wannan gida na huɗu ma talla ba shi kaɗai ba ne, akwai rangwame, akwai hira da mai saye, akwai shaidar waɗanda suka saya suka ji daɗi. Wanda ya ce maketin talla ne ya ɗauki ɗaki ɗaya ya kira shi gida.

Asalin kalmar ma bai goyi bayan wannan fassara ba. Turanci ya samo market daga Latin, mercatus, wato wurin ciniki, shi kuma daga merx, wato haja. Ba ihu a cikin tushen, ba kiran mai saye. Haja ce da wurin da za ta haɗu da mai bukatarta. A namu harshen kuwa talla ma'anarsa a fili take: ka ɗauki kaya ka zagaya kana sanarwa, ko wa ya ji ya ji. Idan ana neman wanda aikinsa ya fi kama da maketin a cikin kalmominmu, to dillali ne, ba mai talla ba. Kalmar daga Larabci muka aro ta, kuma tushenta ɗaya da dalili, tushen da ke nufin nuna hanya. Dillali na ƙwarai ba ya yawo yana ɗaga murya. Ya san wanda ke neman abu kaza, ya san nauyin aljihunsa, ya san abin da zai sa ya fasa, ya kuma san lokacin da zai ce wa mai kaya farashin nan ya yi tsauri, ko kayan nan ba na wannan mutumin ba ne. Kunnensa ya fi bakinsa aiki. Maketin ke nan: sanin mai saye tun kafin a saro kaya.

Ga inda kuskuren ke cin kuɗi. A ce mace ce ke sayar da jakunkuna ta Instagram ko Facebook. Ta ji an ce sai da maketin, an kuma ce maketin talla ne, sai ta biya a tura hotonta ga jama'a. Mutum dubu ashirin suka gani, arba'in suka tambayi farashi, biyu suka saya. Me za ta ce wa kanta? Tallan bai isa ba, a ƙara kuɗi. Haka za ta yi ta zuba ruwa a kwando. Tambayar da ya kamata ta yi ita ce ina mutum talatin da takwas ɗin nan suka tafi, alhali da kansu suka zo. Wataƙila ba ta rubuta farashi ba, mutum ya tambaya aka ce ya biyo ta akwatin saƙo, shi kuma ya zaci za a yi masa farashi ne gwargwadon yadda aka ga hotonsa. Wataƙila sai bayan awa shida ta amsa, lokacin ya riga ya saya a wani wuri. Wataƙila hoton bai nuna girman jakar ba, ba a riƙe ta a hannu ba balle a ga cikinta. Wataƙila kuma an gama ciniki sannan aka ambaci kuɗin aikawa, mai saye ya ji kamar an yi masa kwanton ɓauna. Duk waɗannan babu wanda ƙarin talla zai gyara, kuma dukkansu maketin ne.

Wannan na ƙarshe ba hasashena ba ne. Cibiyar Baymard ta ƙasar Denmark, mai nazarin yadda mutane ke sayayya a intanet, ta daɗe tana nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na masu zuba kaya a kwandon sayayya ba sa kaiwa ga biya, kuma idan aka cire waɗanda leƙe kawai suka yi, babban dalilin da suke bayarwa shi ne ƙarin kuɗin da ke ɓullowa a ƙarshe, kamar na aikawa da haraji. Mutanen nan talla ya riga ya yi aikinsa a kansu, ya kawo su har bakin ƙofa. Abin da ya kore su yana cikin shagon.

Sai kuma lissafin da masu kwasa-kwasan kwana uku ba sa son tsayawa a kai. Idan ribar jaka ɗaya kashi ɗaya ce cikin goma na abin da aka kashe a talla, sai an sayar da goma kafin a dawo daidai, ba a ci ko sisi ba. An sayar da biyu, an yi asarar ribar takwas, amma allon waya yana nuna dubban waɗanda suka gani da ɗaruruwan da suka danna alamar so, mai kaya tana murna. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Talla yana biyan kansa ne idan wanda aka jawo ya dawo karo na biyu da na uku ba tare da an sake kashe kuɗi a kansa ba, kuma abin da ke dawo da shi shi ne jakar da ta zo daidai da hotonta, a ranar da aka yi alkawari, da kuma yadda aka karɓe shi lokacin da zif ya lalace ya kawo ƙorafi.

Labarin da na fi so a wannan babi shi ne na Zappos, kamfanin sayar da takalma ta intanet. A 1999 Nick Swinmurn ya so ya sayar da takalma ta intanet a Amurka, a lokacin da mutane da yawa ke ganin ba mai sayen takalmin da bai gwada a ƙafarsa ba. Bai cika sito da kaya ba. Shagunan takalma ya shiga ya ɗauki hotuna ya ɗora a shafinsa, idan wani ya yi oda sai ya koma shagon ya saya ya aika masa. Ba riba yake nema a wannan mataki ba, amsa yake nema: shin akwai masu saye? Da aka tabbatar akwai su, sai kamfanin ya fuskanci ainihin abin da ke tsorata su, wato takalmi ya zo bai shiga ba. Ya mayar da aikawa kyauta, ya ba mutum kwana 365 ya dawo da kaya idan bai yi masa ba. A 2009 Amazon ya sayi kamfanin a kan kusan dala biliyan 1.2. Gwajin farko da hotuna maketin ne, damar dawo da kaya maketin ne, kuma babu ɗayansu da za a kira talla.

Ina zargin cewa ruɗanin nan yana da masu cin moriyarsa. Koya wa mutum inda zai danna ya biya talla abu ne na yini ɗaya, ana iya sayar da shi a matsayin kwas. Koya masa ya zauna ya kira mutum goma da suka fasa saye ya tambaye su dalili ba ya da ƙyalli, ba wanda zai biya don a gaya masa haka. Su ma manyan dandalin sada zumunta da talla suke rayuwa, don haka maɓallin biyan talla ne suka fi sa wa a gaban idonka. Kuma dandalin nan fili ne na haya, ba naka ba. A 2021 Apple ya sauya ƙa'idar bin sawun masu amfani da iPhone, talla ya rage iya gano wanda ake nema, har kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, da kansa ya ce sauyin zai rage masa kusan dala biliyan 10 a 2022. Ranar 4 ga Oktoba 2021 kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke na kusan awa shida. Duk mai shagon da bai ajiye sunaye da lambobin abokan cinikinsa ba, da yardarsu, a ranar ba shi da kowa.

To me za a ce a rediyo? Wasu suna cewa kasuwanci, wanda ya yi faɗi, domin ya haɗa da saro kaya da ajiya da lissafi da biyan ma'aikata. Ni ina ganin amsar tana bakinmu tuntuni. Muna cewa kaya kaza yana da kasuwa, ko ya yi kasuwa, ko kasuwarsa ta mutu, kuma a nan ba rumfuna muke nufi ba, masu bukata muke nufi. Saboda haka mai gabatarwa zai iya cewa samar wa kaya kasuwa, ko nema wa kaya kasuwa, kowa ya gane, a bar talla a inda yake. Da baƙon shirin nan ya faɗi haka, da mai jakunkuna ta fara da rubuta farashi da kuɗin aikawa a ƙarƙashin kowane hoto kafin ta biya kowa.