Kiwon kaji na haɗin gwiwa a birni: tambayoyi da amsoshi

Me ake nufi da shi?

Maƙwabta ne ke yin karo-karo su gina akurki ɗaya, su zuba kaji, su raba wahala su raba ƙwai. A birni fili ya yi ƙaranci, lokaci ma haka, ga shi kaza ba ta san ranar hutu ba. Gida bakwai sun fi daɗin tsari: kowa da ranarsa a mako.

Kaji nawa za su isa?

Kazar ƙwai takan fara sakawa tana da mako 18 zuwa 22, kuma mai kyau na iya ba da ƙwai 250 zuwa 300 a shekararta ta farko. Ke nan kaji 12 za su riƙa ba da takwas ko tara a rana. Kowace na cin kusan giram 110 zuwa 120 kullum, kuma tana son haske na awa 14 zuwa 16 kafin ta dage da sakawa.

Dole sai da zakara?

A'a. Kaza na yin ƙwai ko babu shi, ƙyanƙyasa ce ba za a samu ba. Caransa na asuba kuwa shi ke fara haɗa ku da maƙwabta, shi ya sa birane da dama suka yarda da kaji amma suka hana zakara. A duba dokar gari tukuna.

Yaya ake rabon?

Nan ake yin ta. Wasu sukan ce mai aikin ranar ya kwashe abin da ya tarar. Da sauƙi, sai dai wanda ranarsa ta faɗo lokacin tsananin zafi ko zubar gashin kaji, sa'ad da ƙwai ke raguwa, zai ga kamar an cuce shi. Ni na fi son a tara na mako, a rubuta a littafi, a raba daidai. Wanda ya tsallake sharar akurki sau biyu, a rage masa kaso. Ƙwai kowa na so, kashin kaji ne ba shi da masoyi.

Cuta fa?

Sabuwar kaza a keɓe ta aƙalla mako biyu. A yi rigakafi, a hana tsuntsayen waje shiga wurin abinci saboda murar tsuntsaye, a wanke hannu bayan aiki.

In kajin sun tsufa?

Bayan shekara ta biyu ƙwai na raguwa, ci kuwa yana nan. Za a sayar, a yanka, ko a bar su? A yanke wannan shawara tun ranar farko, kafin yara su raɗa musu suna.