Me ake nufi da "hasashen masana" a zancen ƙirƙirarriyar basira?

Kwanakin nan da wuya ka kunna rediyo ko ka leƙa intanet ba ka ji an ce "masana sun yi hasashen" cewa nan da shekara kaza na'ura za ta kamo ɗan Adam a tunani ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda mai gabatar da shiri ke ambaton shekarar kamar wa'adin da aka riga aka yanke.

Ga inda lambar take fitowa. A 2023 ƙungiyar AI Impacts ta ji ra'ayin masu bincike 2,778 a wannan fage. Cikin tambayoyin akwai wannan: yaushe na'ura, ita kaɗai, za ta iya kowane aiki fiye da mutum, kuma da araha? Wani ya ce kusa, wani ya ce da sauran tafiya, aka tattara amsoshin aka fitar da 2047. To amma 2047 shekarar da yiwuwar abin ta kai kashi 50 cikin 100 ce. Rabi da rabi ke nan, kuma wannan rabin ne ake haɗiyewa a labarai. A irin binciken da ƙungiyar ta yi a 2022, lambar 2060 ce. Tsakanin binciken biyu ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ake hira da ita, ta fito, sai shekara 13 ta zube.

Wurin da na fi so a tsaya a duba shi ne lafazin tambayar. A binciken nan na 2023, da aka juya ta aka ce yaushe na'ura za ta iya riƙe duk sana'o'in da mutane ke yi, sai amsar ta koma 2116. Tazarar shekara 69, alhali tambayoyin biyu kusan Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Amsar da sauyin lafazi ke iya tunkuɗawa haka, ni kam kirdado zan kira ta, ko da daga bakin masani ta fito.

Ba raina iliminsu nake yi ba. Mai hasashen yanayi yakan ce gobe za a yi ruwa, gari ya waye ya ga ko ya dace, ya gyara lissafinsa. Mai gina na'ura ba shi da wannan damar, domin abin da ake tambayarsa bai taɓa faruwa ba. Herbert Simon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan ilimi, ya rubuta a 1965 cewa cikin shekara 20 na'ura za ta iya duk aikin da mutum ke iyawa. Wa'adinsa ya cika tun 1985.